Shekarar da Na Sayar da Sa Na Sayi Tena

Kun taso kuna jin labarin nan a bakin 'yan'uwanku na Karakkai. Yadda suke ba da shi, wai na je na kwance sa daga turken yayana Mamman ba da saninsa ba, na sayar, na sayi abin busa. Har yau in ana suna ko ɗaurin aure aka ga na shigo, sai wani ya ce a ɓoye shanu ga Baba Ummaru nan. Ina dariya tare da su domin wasa ne, amma wasan da aka daɗe ana yi yakan koma tarihi. Yaya Mamman ya rasu, uwarku Rabi ta rasu, cikin waɗanda aka yi abin da su ni kaɗai na rage. Saboda haka ga yadda aka yi.

Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne, manoma ne kaka da kakanni. Aikin ɗan sanda na shiga ina saurayi, kuma ba ni na zaɓi busa ba. Wani saje ne ya ji ni ina busa sarewar kara a bayan bariki, washegari na tsinci kaina cikin 'yan badujala, masu busa da kiɗan fareti. Can aka ɗora mini abin da Turawa ke kira saksofon. Iri-iri ne, akwai ƙarami mai siririyar murya, akwai ƙato mai gurnani, nawa shi ne mai muryar namiji, wanda muke ce wa tena. Mutanen gari kuwa algaitar Nasara suke cewa. Na yi aikina da tenan gwamnati, wanda hannuwa da yawa suka riƙe kafin nawa, ranar da na ajiye aiki na mayar musu da kayansu. Kuɗin sallamar da aka ba ni na kasa uku. Na gina ɗakunan nan na Tudun Wada da kuka girma a ciki. Na sayi wani jan sa na kai wa Yaya Mamman ya haɗa da farinsa suka zama shanun huɗa. Da ragowar na je Kaduna na sayi tsohon tena a hannun wani dattijo da haƙoransa suka zube ya daina busa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Gusau ta cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, kowa da bikinsa da liyafarsa. Na shiga ƙungiyar wani mai kaɗa jita, Bitrus, mutumin Zuru. Muna wasa a wani otal a Sabon Gari ƙarshen mako, sauran ranaku duk inda aka gayyace mu. Da wannan da ɗan fansho nake ciyar da ku. Sai dai tenan nan ya tsufa tun kafin ya zo hannuna. Fatun da ke toshe ramukansa sun bushe, iska na zurarewa ta ko'ina. Na yanka tsohuwar jakar Rabi na maye wasu, na ɗaure wasu maɓallan da roba, wuyansa kuma wani mai gyaran rediyo ya liƙe mini da dalma har ya gaji da ganina. Muryoyin sama suna fita, amma in zan sauka ƙasa sai na tura iska kamar mai hura wutar ɗanyen itace. Nakan dawo gida muƙamuƙina ya sage, ƙirjina na zafi, Rabi ta dafa mini citta da kanumfari.

Abin ya zo ƙarshe a Tsafe, bayan kaka, wajen bikin 'yar wani babban ma'aikaci. La'asar ce, an kafa rumfuna a filin wata makaranta, an cika maƙil. Daidai shigowar amarya, wurin da sauran makaɗa ke sassautawa su bar mini fili, na ɗaga tena na ja numfashi, sai dalmar wuyan ta saki. Abin da ya fito ba busa ba ne, kukan agwagwa ne. Na sake gwadawa, ya sake yi. Yaran da ke gaba suka kwashe da dariya, wani ya kwaikwaya, har ƙawayen amarya suka rufe baki da mayafi. Bitrus ya rufe da jita, ni kuwa na tsaya a gaban jama'a da ƙarfe a wuya har aka tashi. A hanyar dawowa muna bayan a-kori-kura tare da lasifikoki, da muka wuce dutsen Kwatarkwashi sai Bitrus ya juyo wurina.

“Malam Ummaru,” in ji Bitrus, “ka san ina ganin girmanka. Amma abin nan ya mutu. Ko ka nemi sabo, ko ni in nemi piyano irin na zamani. An ce akwai maɓallin da za ka danna ya yi kukan tena.”

“Ya yi kukan tena?”

“Haka aka ce. Ba zai kai naka ba, amma ba ya ba da kunya a gaban mutane.”

Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na mayar wa mai rediyo ya sake liƙewa, muka ci gaba da lallaɓawa, kowane wasa gabana na faɗuwa.

Akwai wani ɗan kasuwa Ibo, Oga Chidi, mai shagon lasifika da kayan kiɗan coci a kusa da tsohuwar kasuwa, wurinsa nake sayen harshen gora da ake ɗaurawa a bakin tena. Da bazara ta fara na je sayen harshe, sai ya ce in shigo ciki in ga wani abu. Ya jawo baƙin akwati daga ƙarƙashin kanta ya buɗe. Sabon tena ne, ko yatsa bai taɓa hawa kansa ba, yana kwance cikin jan ƙyalle. Wani coci ne ya sa ya kawo daga Anacha, da kaya suka iso suka ce sun fasa.

“Gwada mana,” ya ce. “Gwaji kyauta ne.”

Na ce a'a, ba na gwada abin da ba zan iya saya ba. Ya ce shi ma so yake ya ji ko lafiyarsa ƙalau, tunda duk garin ba wanda zai gaya masa sai ni. Na san dabarar kasuwa ce, amma na ciro bakin busawa na tsohon tenana daga aljihu na ɗaura. Da na saba da tsohon, sai na tara iska na tura da ƙarfi, ya yi wata ƙara har gilashin kanta ya amsa. Na sassauta. Na sauka muryar da ta fi kowace ƙasa, wadda na yi shekaru ina kokawa da ita, sai ta fito da ɗan numfashin da bai fi na hura koko ba. Ta fito da kauri, da ɗumi, na ji ta a tafin ƙafata. Na hau sama na sauko, ba inda ya tsaya mini. Abin da na raya a zuciya shi ke fita, ba sai na roƙe shi ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai buɗe ido na ga masu ɗinkin da ke maƙwabtaka sun bar kekunansu sun tsaya a ƙofa. A ranar na gane cewa tunda nake busa, rabin ƙarfina wajen faɗa da kayan aiki yake tafiya, kuma ban taɓa jin iyakar abin da na iya ba.

Oga Chidi ya faɗi kuɗi. Ba zan tsaya lissafi ba, kuɗin wancan zamani ba za su yi muku ma'ana ba. Abin da za ku gane shi ne kuɗin sa ne, babban sa mai ƙiba. Ya ce zai ajiye mini zuwa faɗuwar ruwa, in ban zo ba zai mayar Anacha.

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba, amma Rabi ba a ɓoye mata abu. Ta ga na bar tuwo, ta ga ina zaune ina motsa yatsu a kan gwiwa. Da ta tambaya na faɗa mata duka, na kuma shiga kawo hujjoji: da sabon tena za a ƙara gayyatarmu, farar hula za su karɓi mulki, bukukuwa za su yawaita, kafin shekara ya mayar da kuɗinsa. Tana tankaɗe tana saurare har na gama.

“Malam, kai ba ka jin abin da aka hwaɗi cikin gari?” ta ce. “Ko wurin awo maganar shari'a aka yi. An ce in anka hwara, otal ɗin nan da kuka wasa rufe shi za a yi.”

“Magana ce ta siyasa.”

“Wataƙila. To in ba ta siyasa ba ce fa? In babu otal, babu biki, babu mai ba ka ko kwabo, za ka busa shi ko ba ka busawa?”

Na ce zan busa.

“To ka saya in kana so. Amma kada ka ce don cikinmu ka saya. Don kanka na. Ba laifi ba ne mutum shi so abu don kansa sau ɗaya, laifin shi ce don wasu ya yi.”

Ban taɓa jin maganar da ta tsiraita ni kamar wannan ba. Ta kwashe duk hujjojina ta bar ni da son raina kawai, kuma ba ta hana ni ba.

Bitrus da ya fara tura ni, shi ne ya dawo yana ja da ni. Da na gaya masa na ga sabon tena, ya ajiye jitar ya ce in dakata tukuna. Shi ma ya ji maganar, har ya fara tambayar 'yan'uwansa na Jos ko akwai wurin wasa a can. Ya ce in da shi ne, in ma zai sayar da sa, babur zai saya ya ba wani yana kabu-kabu, kullum a kawo masa na cefane. Ya janye maganar piyano, ya ce mu lallaɓa da tsohon har mu ga inda gari zai waye. Ina faɗa muku wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani. Duk wanda na tambaya ya gaya mini gaskiya. Na yi makonni ina juya abin. In na yanke cewa na haƙura, sai in ji sanyi a raina har in yi barci mai daɗi, washegari kuma ƙafata ta bi da ni ta ƙofar shagon Oga Chidi ba tare da ina da abin saya ba. Na haura hamsin a lokacin. Na tuna dattijon Kaduna da bakinsa ba haƙori. Busa ba sana'ar da ake ajiyewa sai an huta ba ce, tana tafiya da haƙori da huhu, kuma ba sa jiran kowa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da na hau mota zuwa Bunguɗu, daga can na hau babur zuwa Karakkai. Na tarar da Yaya Mamman a bayan gida yana ba shanun harawa. Ya girme ni da kusan shekara goma, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu, mutum ne mai ƙarancin magana. Shanun nan biyu ya hore su da hannunsa har sun san muryarsa, in ya ce su juya a ƙarshen kunya ba sai ya ɗaga sanda ba. Da su yake huɗar gonar gado, auduga da dawa da masara, in ya gama ya yi wa wasu a biya shi. Kuma duk kaka buhunan da kuke gani ana saukewa a ƙofar gidanmu daga nan suke. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai juyo ba, ya ci gaba da sosa wuyan jan.

“Sa naka na,” ya ce. “Ban da ta cewa. Amma ka san sa guda ba shi huɗa.”

“Na sani, Yaya.”

“Ka san bara auduga ba ta yi kuɗi ba, ban da abin sayen wani. Ko na samu, sabon sa sai an hore shi, ga ruwa bisa kai.”

“Na sani.”

“Sa shina cin ciyawa shi ba ka taki. Shi yi ma huɗa. In ya tsuhwa ka sai da shi ka sawo ƙanana biyu. Wanga ƙarfe naka, mi shika haihwa?”

Na ce ba ya haihuwar komai. Na yi ƙoƙarin gaya masa abin da na ji a shagon, na ce shekara da shekaru ina busa ban taɓa jin muryata ba sai ran nan. Sai a lokacin ya juyo ya dube ni.

“Muryarka? To wagga da kaka yi man magana da ita, aro ka yi?”

Na roƙe shi ya ba ni zuwa kaka in nemo masa wani san. Ya ce kaka ba a huɗa. Ya ce in bari sai bayan damina mana in sayar. Na ce mai kaya ba zai jira ba. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ko na yi shawara da Rabi, na ce na yi. Ya ce to shi ke nan, in kwana, gobe kasuwar Bunguɗu ce.

Wannan shi ne wurin da labarin 'yan Karakkai ya kauce. Ba ni na kwance san ba. Da asuba bayan mun dawo masallaci Yaya Mamman ya kwance shi da hannunsa, ya ba shi dusa, ya goge masa jiki, ya ja igiya muka kama hanya a ƙasa, shi a gaba ni a baya. Farin ya yi ta kuka har muka fita gari. A kara, wurin cinikin shanu, ya hana ni buɗe baki. Dillalai suka taya, ya ƙi, suka ƙara, ya ja san zai tafi, suka riƙe igiya. Ya buɗe musu bakinsa su ga haƙora, ya sa aka zagaya da shi su ga tafiya. Sai da rana ta take sannan ya sallama, a kan farashin da ni da kaina ba zan taɓa samu ba. Ya karɓi kuɗin ya damƙa mini a gaban shaidu, ya naɗe igiyar ya rataya a kafaɗa.

“Ka gai da gida,” ya ce.

Ya juya ya tafi. Daga ranar ban ƙara jin wata magana daga bakinsa ba sai amsa gaisuwa, har fiye da shekara.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Yaya Mamman ya nemi aron san maƙwabci ya haɗa da farin, amma maƙwabci sai ya gama tasa gonar, kuma shanun ba su saba da juna ba, ɗaya na ja gabas ɗaya na ja yamma. Rabin gonar da hannu suka huɗe ta, shi da 'ya'yansa, yana dattijo yana duƙe da garma. Na je wani ƙarshen mako in taya su. Na ɗauki garma, ya aiko babban ɗansa Lawali ya karɓe, wai a gaya mini kada hannun busa ya yi kanta. Na tsaya a bakin gona kamar baƙo, da azahar na hau babur na dawo. Audugar ta makara, ta yi ganye ba ta yi ƙwallo ba. Dawa ta yi rabin abin da ta saba. Duk da haka da kaka ya aiko mana da buhu, Rabi ta ce a mayar, na ce in muka mayar mun ƙara masa wani ciwon. Rumbunsu bai kai su wata damina ba. Lawali, wanda ake shirin yi wa aure a shekarar, ya tafi cirani Legas don ya rage baki ya kuma nemo abin biki. Ya samu aikin gadi ya zauna. Shi ya sa 'ya'yansa can aka haife su, Hausarsu ma ba ta miƙe ba. In kuna neman abin da tena ya ci, ba sa kaɗai ba ne, har da zaman Lawali kusa da ubansa.

Ni kuwa na ɗauko akwatina daga shagon Oga Chidi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Watannin nan na damina zuwa kaka su ne na fi kowane lokaci iya busa a rayuwata. Ƙirjina ya daina ciwo. Abubuwan da na ji a faifai tun ina bariki na ɗauka sun fi ƙarfina, sai ga su a ƙarƙashin yatsuna. A otal mutane kan bar hira su juyo. Mai kaɗa gangarmu ya taɓa sakin sanda yana saurare har Bitrus ya harare shi. Mun koma Tsafe wani biki, a filin makarantar nan dai, na yi busar shigowar amarya tun daga ƙofa har ta zauna, wata tsohuwa ta taso ta rangaɗa guɗa a kunnena. Amma ko a lokacin, in na buɗe akwatin, wani lokaci bayan Yaya Mamman nake gani a duƙe. Abubuwan biyu tare suka zauna a raina, ɗaya bai kori ɗaya ba.

Maganar Rabi ta tabbata. Bayan damina aka yi shelar shari'a, kafin rani ya yi nisa otal ɗinmu ya daina abin da ke tara masa jama'a, masu biki kuma suka shiga taka-tsantsan, ba mai son a ce a gidansa aka yi kiɗa maza da mata a haɗe. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai kwalba bakina ba duk zamana a otal, ban kuma yi jayayya da abin da jama'a suka zaɓa ba. Sana'ata ce dai ta tsaya. Bitrus ya tattara ya koma Jos, ya ce in biyo shi akwai wuri. Na duba ku, kuna makaranta, na duba Rabi, na ce ya sauka lafiya. Muka koma kan fansho da ɗinkin hular da uwarku ke yi. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Da hantsi in kun tafi makaranta nakan rufe ɗaki, in cusa tsumma a faffaɗan bakin da sauti ke fitowa daga tena don kada ya dami maƙwabta, in busa abina. Daga baya wani mai makarantar kuɗi ya neme ni in koya wa ɗalibai kiɗan maci da taken ƙasa, wata makarantar a Bunguɗu ma ta nema. Ba wani abin kirki ake ba ni ba, amma ya toshe wata kafa.

Ana nan sai idanun Yaya Mamman suka yi yana, aka ce sai an yi masa aiki a Gusau. Ba shi da masauki sai gidana, dole ya sauka a nan. Na bar masa ɗakina. Aka yi aikin aka rufe masa ido da bandeji, aka ce ya kwanta kada ya yi motsi mai ƙarfi. Rabi ke kai masa abinci, ni in jagorance shi zuwa alwala, ya dafa kafaɗata ba ya cewa komai. Tun zuwansa ban taɓa akwatin ba, yana ƙarƙashin gadon da yake kwance a kai. Wata safiya bayan ya sha koko ina tattara kwano, sai ya yi magana.

“Ummaru, ina abin nan?”

“Wane abu, Yaya?”

“Kada ka maishe ni yaro. Ɗauko shi.”

Na jawo akwatin na buɗe, na ɗora masa tena a cinya. Ya bi shi da hannu tun daga wuya har baki, yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɗaga ya ji nauyinsa. Sannan ya miƙo mini.

“Busa in jiya.”

Na ɗauko tsumman zan cusa, ya ji motsi ya tambayi ko mene ne. Da na gaya masa ya ce in cire, shi ba rabin abu ya ce a ba shi ba. Na tsaya ina tunanin abin da zan busa wa mutumin da bai taɓa shiga otal ba, bai san maci ba, bai san kiɗan Turawa ba. Sai na tuna lokacin da nake yaro ina kai ruwa gona ranar gayya. Yaya Mamman na saurayi a lokacin, ba mai riga shi kai ƙarshen kunya, har makaɗan noma suka yi masa takensa shi kaɗai, in sun hango ya ɗaga garma sai su juya kiɗa. Ban taɓa gwada shi a tena ba. Na laluba a hankali har na kama shi, na sauka da shi can ƙasa inda muryar ta fi kauri, na bi shi har ƙarshe. Rabi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Shi kuwa yana zaune a miƙe, fuska a rufe da bandeji, ba abin da ke motsi a jikinsa sai babban yatsan ƙafarsa.

Na gama na sauke tena daga bakina. Ya gyara zaman hularsa.

“To, Ummaru,” ya ce, “kai dai ba a cuce ka ba. Kaya ya yi kuɗinai. Mu anka cuta.”

Na ce haka ne, Yaya.

“Sake daga farko. Ka yi sauri wurin da makaɗa ka jinkirtawa, nan na mutum ka ɗaga garma. In ka yi gaggawa sai ka karya mai baya.”

Na jiƙa harshen goran, na gyara igiyar wuya, na sake daga farko.